Gadarif: Ga dawa a rumbu, ga yunwa a layin rajista

Idan kaka ta yi a Gadarif, ba sai an gaya wa kowa ba. Tun daga watan Oktoba riɗi ke fara shigowa kasuwar amfanin gona ta birnin, dawa ta biyo baya, manyan motoci su yi jerin gwano a kusa da babban rumbun gwamnati da aka gina tun shekarun 1960. A wannan yanki na gabashin Sudan, mai iyaka da Habasha, aka fara noman damina da tarakta a tsakiyar shekarun 1940, kuma har gobe jihar na sahun gaba wajen ciyar da ƙasar da dawa.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Mohamed Hamdan Dagalo bai ci birnin Gadarif ba, amma ya juye masa jama'a. Sun kwararo a watan Disambar 2023 lokacin da Wad Madani ta faɗa hannun RSF. Sun sake kwararowa a ƙarshen Yunin 2024 da aka kama Sinja, sannan a Oktobar wannan shekara bayan hare-haren da aka kai ƙauyukan gabashin jihar Jazira. Zuwa ƙarshen 2024, hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IOM, ta ƙiyasta kimanin mutum miliyan ɗaya da yaƙi ya raba da gidajensu suna fake a jihar. Ga kuma dubban 'yan Habasha da suka tsere wa yaƙin Tigray tun Nuwambar 2020, waɗanda aka sauke a sansanonin Um Rakuba da Tunaydba.

A wasu sassan Sudan, kamar El Fasher da Kadugli, yunwa ta samo asali ne daga ƙawanya da toshe hanya. A Gadarif hanya a buɗe take daga tashar ruwa ta Port Sudan, hatsi kuma a nan ake noma shi. Abin da ke tsakanin buhu da mai jin yunwa shi ne kuɗin saye, ga wanda ba shi da kuɗi kuwa, sunansa a cikin jerin masu karɓar tallafi. Wannan jeri ofisoshin jiha ne ke ɗauke da nauyin haɗa shi, da tantance shi, da buga masa hatimi. Lokacin da aiki ya fi ƙarfin ofis, waɗanda takardunsu suka fi wuyar tabbatarwa ne ke fara zubewa. A Sudan, Hausawa sun daɗe a cikin wannan rukuni.

Ofis nawa, takarda nawa

Duk ƙungiyar da ke son raba abinci a yankunan da ke hannun gwamnati sai ta bi ta hukumar kula da ayyukan agaji ta HAC, wadda dokar ayyukan sa kai da jinƙai ta 2006 ta ba iko. HAC na da hedikwata ta tarayya, tana kuma da ofishi a kowace jiha. Ƙungiya za ta yi rajista, ta riƙa sabunta ta. Kowane shiri yana buƙatar yarjejeniya da ma'aikatar da abin ya shafa, da amincewar HAC. Ma'aikatan agaji da motocin kaya suna buƙatar takardar izinin tafiya, wadda sau da yawa sai jami'an tsaro sun sa mata hannu. Baƙi kuma ga jiran biza.

Wannan ɓangaren masu rabawa ke nan. A ɓangaren masu karɓa, kowace hukuma da littafinta. 'Yan gudun hijirar ƙasashen waje suna ƙarƙashin hukumar COR tare da UNHCR, waɗanda ke ɗaukar zanen yatsa. Hukumar abinci ta duniya WFP, wadda masu Faransanci suka sani da PAM, tana da nata rumbun bayanai mai suna SCOPE. IOM na yin nata ƙidayar. Ma'aikatar walwalar jama'a ta jiha tana da jerin mabuƙata. Ga kuma Diwanin Zakka, hukumar gwamnati da ke karɓar zakka a matsayin wajibi ƙarƙashin dokar 2001, wadda ke da kwamitoci har a unguwanni da ƙauyuka. A jihar noma irin Gadarif zakkar hatsi ba ƙaramin abu ba ce. Ana karɓarta bisa buhun da ido ke gani, amma rabonta sai da jerin sunaye.

A ɗauki misalin uwa mai 'ya'ya biyar da ta baro wani ƙauye na Sinnar ta sauka a makarantar firamare a Gadarif. Mai kula da masauki zai rubuta sunanta. Masu ƙidaya za su zo su rubuta. Ƙungiyar da za ta raba abinci za ta zo da nata fom, mai tambayar yawan mutanen gida, da shekarunsu, da abin da suka ci a makon da ya wuce. Idan aka tashe su daga makarantar domin a koma karatu, ta koma gidan 'yan'uwa a cikin gari, to ta fita daga littafin masauki, kuma ba lallai ne ta shiga na unguwa ba. Sunanta na iya fitowa sau uku da rubutu iri uku, ko ya ɓace gaba ɗaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan littattafai zai ƙare ne a kan teburin wani ƙaramin ma'aikacin jiha da ake jira ya tabbatar da shi.

Wanda ke bayan teburin

Mai tsaye a layi cikin rana yakan ɗora laifi a kan wannan ma'aikaci, kuma wani lokaci da gaskiyarsa, domin son kai da sanayya ba su ƙare a ofisoshi ba. Amma yana da kyau a duba da me aka bar ma'aikacin ya yi aiki.

An tsara ofisoshin jihar ne domin mazaunanta a lokacin zaman lafiya. Cikin ƙasa da shekara biyu aka ɗora musu ƙarin kusan mutum miliyan. Bayan ɓarkewar yaƙi ma'aikatan gwamnati a jihohi da dama sun yi watanni babu albashi, kuma da ya dawo, faɗuwar darajar fam ta riga ta cinye shi. Manyan ma'ajin bayanan gwamnati suna Khartoum, inda aka fi gwabza faɗa, shi ya sa ko fasfo sai a ƙarshen Agustan 2023 aka ci gaba da bugawa daga Port Sudan. A watan Satumbar wannan shekara aka ayyana ɓarkewar kwalara a Gadarif, abin da ya ƙara wa ofisoshin wani nauyin. A Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a kusan duk ƙasar, rajistar da ake yi ta waya ta tsaya, haka ma manhajar Bankak ta Bankin Khartoum da miliyoyin mutane ke karɓar kuɗi da ita.

A watan Janairun 2024 kuma gwamnati ta rushe kwamitocin canji da hidima na unguwanni, waɗanda aka kafa bayan faɗuwar Omar al-Bashir. Ko mene ne dalilin siyasar, waɗannan kwamitoci su ne suka san wane ne ke kwana a wane gida, kuma irin su ne ke ba da takardar shaidar zama a unguwa. An rushe su ne daidai lokacin da guguwar Wad Madani ke kan ganiyarta.

Sai canjin kuɗi. Ranar 10 ga Disambar 2024 aka fara musayar takardun fam 500 da 1,000 a jihohin da ke hannun soja, har da Gadarif. Ba hannu da hannu ake canjin ba: sai mutum ya zuba tsohon kuɗinsa a asusun banki, kuma an ƙayyade abin da zai iya cira a rana. Wanda ba shi da asusu sai ya buɗe, buɗewa kuma sai da takardar shaida. Tsabar kuɗi ta yi ƙaranci ana tsakiyar girbi, lokacin da ake biyan leburorin gona. A ƙarshen Janairun 2025 WFP ta ce ƙarancin takardun kuɗi ya jinkirta rabon tallafi ga fiye da mutum miliyan 4 na sama da wata guda, har kuɗin biyan 'yan dako masu loda motoci ya yi wuyar samu.

Bayan sojoji sun ƙwato Wad Madani a Janairun 2025 da Khartoum a Maris, jama'a da yawa sun fara komawa gida. Labari ne mai daɗi, amma ga mai riƙe da littafi sabon aiki ne. Wani gidan maza sun koma duba gona, mata da yara sun zauna. Wani ya koma ya tarar babu ruwa babu asibiti, ya sake dawowa. Jerin da aka sha wahalar haɗawa bara ya zama tsohon yayi, dole a sake tantancewa, kuma a tsawon lokacin tantancewar rabo yakan tsaya.

Dalilin yawan takardun

Takardun nan ba daga sama suka faɗo ba. Masu ba da kuɗin agaji suna da hujja. A maƙwabciya Habasha, WFP da hukumar USAID ta Amurka sun dakatar da tallafin abinci a faɗin ƙasar a watan Yunin 2023 bayan gano ana karkatar da hatsin zuwa kasuwa. Miliyoyin mutane suka yi watanni babu rabo. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: tun daga nan aka ƙara matsa lamba kan zanen yatsa, da hoto, da sa hannu, da rahoto bayan kowane rabo.

Gwamnatin Sudan ita ma tana da nata dalilin, wato tsoron kada agaji ya zama hanyar kai wa RSF makamai ko bayanai. Da wannan hujja ta rufe mashigar Adre da ke kan iyakar Chadi daga Fabrairu zuwa Agustan 2024. A Disambar 2024 ta dakatar da hulɗa da tsarin auna yunwa na duniya, IPC, ana gab da fitar da rahoton da ya ce mutum miliyan 24.6 na cikin matsananciyar yunwa. A ƙarshen Oktoban 2025 ta kori manyan jami'an WFP biyu daga ƙasar. RSF ma ta kafa tata hukumar agajin a 2023, mai neman nata izinin. Inda rashin yarda ya yi yawa haka, kowa yakan kare kansa da ƙarin hatimi.

Dalili na uku shi ne ƙarancin kuɗi. Da gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025, masu gudanar da ɗakunan girkin jama'a da ake kira takaya sun ce kusan kashi 80 cikin 100 sun rufe. Idan abinci ya isa, sai a ba kowa da ke masauki. Idan ya gaza, dole a zaɓi wanda ya fi wani buƙata, zaɓe kuma yana nufin ƙarin tambayoyi, ƙarin ziyara gida-gida, ƙarin ƙorafin da za a saurara. Wato duk sanda buhuna suka ragu, takardu ke ƙaruwa.

Wannan ba cutar ƙasashe matalauta kaɗai ba ce. A Amurka, jihohi ne ke gudanar da shirin tallafin abinci na SNAP mai ciyar da kimanin mutum miliyan 40. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ɗaga kason jihohi na kuɗin gudanarwa daga rabi zuwa kashi uku cikin huɗu, ta kuma tanadi cewa jihar da kurakuranta na biya suka yi yawa za ta ɗauki wani ɓangare na kuɗin abincin. Ofishin da ake hukuntawa idan ya ba wanda bai cancanta ba, amma ba a tambayarsa idan ya hana wanda ya cancanta, ya san ɓangaren da zai karkata. Haka lissafin yake a Gadarif, sai dai a nan babu kotun da mai ƙorafi zai garzaya cikin sauƙi.

Inda abin ya taɓa Hausawa

Hausawa sun zauna a gabashin Sudan ne ta hanyar aikin hajji a ƙasa, da kuma hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a har bakin kogin Blue Nile, inda garin Mai Wurno yake a yau kusa da Sinnar. Daga baya guminsu ya shiga gonakin audugar Jazira da na dawar Gadarif.

Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disambar 1897. Da wannan kwanan wata, duk zuriyar masu hijirar Burmi sun makara da 'yan shekaru. Dokar 1994 ta dawo da ranar zuwa 1 ga Janairun 1956, abin da ya shigar da mafi yawansu a kan takarda. Amma ɗabi'ar ofis ba ta canzawa da saurin doka. Mai suna ko lafazi irin na yamma ya ci gaba da fuskantar ƙarin tambaya, da neman shaidu, da neman takardun uba da kaka. A 2008 Hausawa sun yi zanga-zanga a Gadarif da Kassala bayan wata jarida ta ambato al-Bashir yana shakkar kasancewarsu 'yan ƙasa, maganar da fadarsa ta musanta.

A 2011 aka shigo da lambar ɗan ƙasa, wadda a hankali ta zama mabuɗin jarrabawa, da fasfo, da banki. Shirin tallafin iyalai na Samarat, wanda gwamnatin riƙon ƙwarya ta ƙaddamar a Fabrairun 2021 da kuɗin Bankin Duniya domin ba kowane mutum dala 5 a wata, ya dogara da wannan lamba. Bai yi nisa ba juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 ya tsayar da shi, amma ya nuna inda aka dosa: tallafi zai riƙa bin lamba.

Sannan ga rikicin jihar Blue Nile na Yuli da Oktoban 2022, inda aka kashe ɗaruruwan mutane, aka ƙona gidaje, dubban Hausawa suka gudu zuwa Sinnar da Jazira da wasu wurare. Wasu daga cikinsu ba su gama zama ba yaƙin 2023 ya sake tashinsu. Wanda ya gudu sau biyu cikin shekara biyu da wuya a same shi da cikakkun takardu.

A ƙa'idar aikin jinƙai, ba a tambayar mai yunwa shaidar ɗan ƙasa kafin a ba shi abinci, kuma rabon hatsi a masaukai yakan bi wannan ƙa'ida. Matsalar na fitowa ne idan tallafi ya koma na kuɗi ta banki ko ta waya, ko idan shirin na gwamnati ne. Ga kuma tsoro. A jihohin da ke hannun soja an yi ta kama mutane bisa abin da jama'a ke kira dokar baƙin fuskoki, wato zargin wanda ba a sani ba da yi wa RSF aiki. 'Yan asalin Darfur da Kordofan ne abin ya fi shafa, amma duk wanda ba shi da kati a aljihu zai yi tunani sau biyu kafin ya kai kansa ofishin da jami'in tsaro ke zaune a ƙofa. Ba sai wani ya yi niyyar ware Hausawa ba. Ya isa a ce ma'aikaci na da fom ɗari biyar da yini ɗaya, sai ya fara da masu lamba, sauran su dawo gobe.

Ba Sudan kaɗai ba

Mai karatu a Kano ko Katsina ya san irin wannan. A Oktoban 2023 gwamnatin Bola Tinubu ta ƙaddamar da tallafin naira 25,000 a wata, na wata uku, ga gidaje miliyan 15. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu da shirye-shiryen tallafin bisa zargin almundahana. Da aka dawo, sai aka ce dole a tantance kowa da lambar NIN ko BVN. Zuwa Mayun 2025, Bankin Duniya ya ce gidajen da suka karɓi ko da biya ɗaya ba su kai rabi ba. A Nijar, hatsin da hukumar OPVN ke sayarwa da rahusa a lokacin bazara da damina yana bi ne ta hannun ƙananan hukumomi da sarakuna, kuma a Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomin ta naɗa kantomomi. Ga Bahaushen da ke zaune a Ghana, ko Kamaru, ko Chadi, ko Gabon, inda ake iya ce masa baƙo ko da a nan aka haifi kakansa, abin da ke faruwa a Gadarif gemun ɗan'uwa ne ya kama da wuta.

Abin da ake iya gyarawa

Kawo ƙarshen yaƙi ba a hannun ofishin jiha yake ba, amma akwai gyaran da ba ya jiran sulhu. Na farko, littafi ɗaya ga jihar, wanda HAC da ma'aikatar walwala da Diwanin Zakka da ƙungiyoyin agaji za su amince da shi, da sharaɗin ba za a miƙa shi ga jami'an tsaro ba. In babu wannan sharaɗi, masu tsoro ba za su zo ba.

Na biyu, a amince a rubuce cewa shaidar shehin unguwa, ko umda, ko sarkin Hausawa, ko limami, ta wadatar wajen karɓar abinci, kuma duk shirin da ke biya ta banki ya tanadi kati ko takardar karɓar kaya ga marar lamba. Na uku, izinin tafiya da na rabo ya zama na watanni, maimakon na kowace tafiya. Na huɗu, masu ba da tallafi su sa kuɗin gudanarwa a lissafinsu: wanda ke neman rahoto ya biya kuɗin takarda, da wuta, da alawus ɗin mai rubutawa. Na biyar, a riƙa auna kuskure ta fuska biyu, wato a ƙirga waɗanda aka hana bisa kuskure kamar yadda ake ƙirga waɗanda aka ba bisa kuskure.

Su ma shugabannin Hausawa da ƙungiyoyin matasansu suna da aiki. Malamai da ɗalibai da suka iya Larabci da Hausa za su iya zama a masaukai su taimaka wajen cike fom, su tabbatar an rubuta sunan mutum iri ɗaya a ko'ina, su ajiye jerin gidajen da aka tsallake domin a kai wa hukuma da hujja a hannu. Za su iya neman ofishin rajistar jama'a ya riƙa fita ƙauyuka da sansanonin leburorin gona a lokacin kaka, sa'ilin da mutane ke taruwa wuri guda. 'Yan'uwa na ƙasashen waje da ke tara gudummawa su ma su tuna cewa kuɗin mota da na hoto da za su kai iyali guda ga samun lambar ɗan ƙasa na iya fi musu buhun wata ɗaya amfani, domin da ita yaro zai zauna jarrabawa, uwarsa ta buɗe asusu, sunansu kuma ya tsaya a littafi idan aka zo tantancewa ta gaba.